Yadda za ka auna masu tsaron gidanka kafin a shiga sabuwar kaka

Duk lokacin da kaka ta gabato, ko ta manyan kulob irin su Ittihad da Ahli ko tamu ta 'yan unguwa da Larabawa ke ce wa hawari, in ka zauna wurin shayi a Sharar Mansur bayan isha'i hirar ɗaya ce, wane ɗan gaba za a ɗauko, wa zai saka lamba goma, amma da wuya ka ji wani ya ce to jama'a ragar fa wa zai tsare ta. Na ɗau shekaru ina riƙe da 'yar ƙungiyar yaranmu a nan Makka, kuma wasannin da suka fi min ciwo duk ta wajen gola suka zo, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda nake duba lamarin yanzu ko wani zai amfana.

Kafin ka kalli hannun kowa, ɗauko takarda ka rubuta suna uku, na ɗaya da na biyu da na uku, a gaban kowane suna ka rubuta aikin da yake yi da lokacin da yake tashi daga dawam, wato wurin aiki. Wannan shi ne abin da ya ƙona mu wata shekara a gasar azumi. Golanmu na ɗaya yaro ne mai hannu wallahi, ya kai mu har wasan kusa da na ƙarshe, sai goman ƙarshe ta shigo, shi kuma a wani otal kusa da Harami yake aiki, duk wanda ya san Makka ya san a goman ƙarshe babu mai ba ka hutu ko na awa ɗaya. Ranar wasan muna mal'ab, wato filin wasa, bayan asham ina ta kiran wayarsa tana ta ringin, can ya turo saƙo cewa mudir, wato manaja, ya hana shi fita. Na waiwaya benci, yaron da muke kira na biyu rabonsa da tsayuwa a raga a wasa na gaske ya fi wata huɗu, safar hannunsa ma ta ɓare a tafi saboda ciyawar roba. Aka zuba mana uku kafin hutun rabin lokaci, yaron nan ya zauna a gefen fili ya sa kai tsakanin gwiwoyi yana kuka, kuma ban ga laifinsa ba ko kaɗan, ba a shirya shi ba ne. Tun daga ranar tambayata ta farko ita ce, in na ɗaya bai zo ba wa zai tsaya, kuma yaushe rabon wannan ɗin da wasa.

Haka ma in kai ɗan kallo ne mai bin manyan ƙungiyoyi. Tun da aka buɗe wa golan ƙasashen waje ƙofa a gasar Saudiyya a 2017, manyan kulob ɗin sun koma ɗauko haris, wato gola, daga waje, Hilal ta ɗauko Yassine Bounou daga Sevilla a 2023, Ahli ta ɗauko Edouard Mendy daga Chelsea a shekarar, Ittihad ta kawo Rajkovic a 2024. Wasa 34 ake bugawa a lig, ga kofin sarki ga na Asiya, babu jikin da ba ya gajiya. Mohammed Al-Owais da ya tsare raga ranar da Saudiyya ta doke Ajantina 2-1 a Lusail a 2022, bayan zuwan Bounou a benci ya zauna a kulob ɗinsa Hilal, to ka ga ita Hilal ta samu na biyu mai ƙarfi, amma shi kuma wasa ya yi masa ƙaranci, kuma gola in ba ya wasa idonsa yana dusashewa. Duk kulob ɗin da kake so ka auna, ka fara da wanda ke zaune a benci.

Bayan haka sai kallon ƙwallayen da aka ci shi. Na ce waɗanda aka ci shi, domin bidiyon da yara ke yaɗawa a WhatsApp da TikTok na tsalle-tsalle ne kawai, kowa mafi kyawun ranarsa yake nunawa. Ka sa wani ya tsaya bayan raga da waya a wasannin sada zumunta uku ko huɗu, daga baya ku zauna ku tsayar da hoton daidai lokacin da ɗan gaba zai buga. A ina golan yake tsaye? Ya rufe turken da ke kusa da shi? Ƙafafunsa a ƙasa suke ya kafu ko yana cikin tafiya aka bugo? Sau da yawa tsallen da 'yan kallo ke yi wa ihu, mugun wurin tsayuwa ne ya jawo shi, wanda ya tsaya daidai ƙwallo a ƙirjinsa take samunsa ba wanda zai tafa masa. Babbar raga faɗinta mita 7.32 tsawonta 2.44, babu ɗan adam da zai rufe ta da jiki, da taku ake rufe ta. In kuma a ƙananan filayen haya kuke wasa masu ƙaramar raga, dogon yaro ba lallai ya fi maka gajere mai saurin faɗuwa ƙasa ba, saboda yawancin shot ɗin ƙasa-ƙasa suke zuwa kuma daga kusa.

Hannu kuwa gwajinsa ba wuya. A bubbuga masa ashirin daga bakin da'ira, ka ƙirga nawa ya riƙe, waɗanda bai riƙe ba kuma ina ya ture su, gefe ko tsakiya inda ɗan gaba ke jira. Ka yi gwajin da dare a ƙarƙashin fitila tunda mu nan zafi ba ya barin a yi wasa da rana, akwai yaran da da la'asar ba ka da kamarsu amma in aka ɗago kwana ta bi ta cikin hasken fitila sai ka ga sun fito sun tsaya a rabin hanya. In kuna zuwa wasa Jidda ka tuna da danshin teku, gumi na jiƙa safar hannu har ƙwallo ta riƙa zamewa, tawul ɗaya a rataye a raga yana maganin abu da yawa.

Abin da na fi ba wa muhimmanci yanzu shi ne baki. Nakan tsaya bayan raga in sunkuyar da kai minti biyar ban kallon fili, ina saurare kawai. Golan kirki ba ya shiru, za ka ji yana cewa tawa ce, bar ta, bayanka, ku fito. Mu kuma muna da wata matsala ta daban, rabin yaranmu a nan aka haife su Larabci ya fi zama a bakinsu, rabi kuma ba su daɗe da zuwa daga Kano ko Damagaram ba, sai gola ya yi ihun khalli, wato bar ta da Larabci, shi kuma ɗan baya bai gane ba ya sa kai, su yi karo ƙwallo ta faɗo gaban abokin hamayya. Ku zauna ku tsayar da kalmomi huɗu ko biyar da kowa zai haddace, ko da wane yare ne, sannan ka ga wane gola ne muryarsa ke kaiwa tsakiyar fili kuma 'yan baya ke jin maganarsa. In 'yan bayanka manya ne shi kuma ƙaramin yaro, kunya za ta hana shi daka wa yayansa tsawa, dole kai koci ka faɗa a gaban kowa cewa a cikin da'ira shi ne babba.

Ƙafa ma a duba amma kar a wuce gona da iri. Tun 1992 aka hana gola ɗaukar ƙwallon da ɗan wasansa ya mayar masa da ƙafa, a 2019 aka yarda a karɓi bugun gida a cikin da'ira, daga 2025 kuma in ya riƙe ƙwallo ya wuce daƙiƙa takwas kwana za a ba abokan hamayya. Ka tambayi masu shirya gasarku ko rafali zai yi aiki da wannan ta ƙarshen. Ni dai abin da nake nema a matakinmu, in an matsa masa ya iya tsayar da ita ya cilla ta inda babu haɗari, da dama ko da hagu.

Fenariti kuwa, tunda gasannin azumi yawanci sili ɗaya ƙwale ne kuma in an tashi kunnen doki kai tsaye ake tafiya bugun daga kai sai mai tsaron gida, ya kamata ka san wanda ya fi a cikin ukun. Bounou ya tare biyu ranar da Maroko ta fitar da Sifen a 2022, Nwabali golan Najeriya ya tare biyu na Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a 2024, kowa ya ga yadda mutum ɗaya ke ɗaukar ƙasa guda a kafaɗa. Ba dole ya zama shi ne na ɗaya ba, a kofin duniya na 2014 Van Gaal kocin Holland ya sako gola Tim Krul ana dab da tashi don fenariti kawai, ya tare biyu na Costa Rica. In na biyunka ne gwanin wannan ka riga ka samo masa aikin da zai sa ya ji yana da amfani.

Sai zuciya. Ka lura da minti goman da ke biyo bayan kuskure, zai fito wa kwana ta gaba ko zai maƙale a layi, zai ci gaba da magana ko zai yi tsit. Mun ga abin da aka yi wa masu tsaron gidan Najeriya, Maduka Okoye bayan ƙwallon Tunisiya a Garwa, da Uzoho bayan ta Partey ɗan Gana a Abuja, duk a 2022, zagi har ya wuce hankali, kuma ni ban yarda a yanke wa gola hukunci da ƙwallo ɗaya ba. Mendy da ya ɗaga kofin zakarun Asiya da Ahli a Jidda a 2025, yana ɗan shekara 22 ya yi shekara guda ba shi da kulob, gola ba ya nuna da wuri, don haka in yaronka na uku ɗan sha bakwai ne mai jin magana kar ka sake shi don ya ɓarar da ƙwallo biyu.

In ka gama duk wannan, ka kira su ukun ka faɗa musu matsayinsu kafin wasan farko, kar su ji a bakin wasu. Bara da na yi haka na biyun ya ce min, Kawu ni fa ban zo zaman benci ba. Na ce masa ɗana ka yi haƙuri, duk wasan sada zumunta naka ne, wasan farko na kowace gasa naka ne, fenariti ma kai za ka tsaya, bayan wasa biyar za mu sake zama mu kalli bidiyo tare, in ka fi shi a gaban kowa zan ba ka. Na rubuta ranar a wayata ya gani da idonsa. Daga kuɗin da muke tarawa na hayar fili kuma na ware riyal ɗin safar hannu guda biyu ga kowannensu, ɗaya ta tirenin ɗaya ta wasa, na kuma roƙi wani tsohon golan unguwarmu ya riƙa zuwa ranar Talata yana ba su rabin awa su kaɗai a gefe kafin sauran yara su iso.