Darasi na Tara: Tsohon Maruru Idan Ya Canza Kama

Maruru kowa ya san shi. Ya fito, ya nuna, ya fashe, bayan mako ɗaya ko biyu an manta da shi. Amma akwai wani iri da ba ya tafiya. Yana fitowa a hammata, da matsematsi, da ƙarƙashin nono, da mazaunai, wato inda fata ke gugar fata. Wannan ya warke, wani ya tsiro kusa da shi. In tafiya ta yi nisa sai su haƙa hanyoyi a ƙarƙashin fata, mugunya ta riƙa tsatsowa ta ƙofa biyu ko uku, wurin ya yi tabo mai tauri. Likitoci suna kiransa hidradenitis suppurativa, a taƙaice HS. Wani likitan Faransa mai suna Verneuil ya bayyana shi tun 1854.

Ba ƙazanta ke kawo shi ba, ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa wajen wani. Ramin gashi ne ke toshewa, ya kumbura, ya fashe ta ciki. Yakan fara bayan balaga. Kusan mutum ɗaya cikin uku na masu shi yana da ɗan'uwa mai irinsa. Sigari da ƙiba suna ƙara masa ƙarfi.

Fatar da ta shekara 20 ko 30 tana ruɓewa tana warkewa, wata rana tana iya rikiɗa ta zama ciwon daji. Haka ma yakan faru ga tsohon gyambo da tabon ƙuna. Kada hankali ya tashi, kaɗan ne cikin masu HS abin ke kai su nan. Sai dai ga abin lura: dajin ya fi kama maza, kuma ya fi fitowa a mazaunai da kewayen dubura, wurin da mutum ba ya gani da idonsa, ba ya kuma son wani ya gani. Shi ya sa ake makara. A zangonninmu duk abin da ya fito a wurin nan basir muke ce masa, mu sayi kwalbar magani a kasuwar Kejetia ta Kumasi mu yi shiru.

A karanta wannan hira da ƙarfi, mutum biyu. Wani tela ne a unguwar Aboabo ta Kumasi da matarsa.

"Maigida, yau kwana nawa ba ka zauna kan keke ba?"

"Tsohon ciwon nan ne, ai kin san shi."

"Na san shi, ni ke wanke tsumman. Da mugunya nake gani, yanzu jini ne. Warin ma ba irin na da ba ne."

"Bari in kira wanzami ya yi masa sakiya."

"Don Allah Malam, a bar aska. Ka ɗauko katin inshora mu tafi asibiti."

Matar nan ta fi shi gaskiya, domin ta lura ciwon ya canza kama. Wanda ya daɗe da HS ya san halin ciwonsa: yakan tashi, yakan lafa. To idan wani gurbi ya buɗe ya yi wata da watanni bai rufe ba, ko bakinsa ya yi tauri ya tashi, ko wata tsoka ta tsiro tana girma, an ɗan taɓa sai jini, wannan ba na jira ba ne. Haka nan zafin da ya fi na kullum, da kaluluwa mai tauri a matsematsi, da rama ba dalili.

Ido kaɗai ba ya rabe HS da daji, ko idon likita ne. Sai an yi allurar kashe zafi, an yanki 'yar tsoka, an duba ta a ɗakin gwaji. Wani lokaci dajin yana can ƙasa, gwajin farko bai kai gare shi ba. In sakamako ya ce babu komai amma ciwo na ci gaba, a koma a faɗa wa likita, yana iya sake ɗiba daga wuri mai zurfi. Babban maganinsa tiyata ce, a cire wurin da faɗi. Wasu akan haɗa musu da gasa wurin da hasken na'ura. A Kumasi ana yin wannan a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda muke kira Gee, a Accra kuma Korle Bu. A fara da asibitin unguwa a karɓi takardar tura mara lafiya. Mai jin nauyi yana iya roƙon likita namiji ya duba shi, mace kuma ta roƙi mace.

Aikin rubutu

Ɗauki takarda ka kwafi haruffan HS manya a sama. A ƙasa rubuta shekarar da ciwon ya fara, da wurin da yake, da watan da ya canza kama. In ba ka da ciwon, rubuta wa telan Aboabo tasa, ka sa ya fara a 1998. Shekara nawa ke nan zuwa bana?