Yadda ake zuba fatar Nafion mai yumɓu don batirin metanol

A batirin da ke juya metanol zuwa lantarki, fatar tsakiya ce ke barin furoton, wato ƙwayar haidirojin mai cajin lantarki, ya wuce. Nafion wata irin roba ce da ake yin wannan fata da ita. Aibin Nafion zalla shi ne metanol ma yana sulalewa ta cikinta, sannan tana bushewa idan zafi ya haura digiri 80 na ma'aunin Celsius. Yumɓun montmorillonite yana rage duka biyun. Faifansa kaurin nanomita ɗaya ne, suna tsayawa a hanyar metanol har sai ya yi ta kewaye, kuma suna riƙe ruwa.

Fara da yumɓun. Wanda ake sayarwa cike yake da sodiyom, kuma sodiyom na ƙwace gurbin furoton. Jiƙa shi a asid ɗin HCl mai ƙarfin mola 1, ana juyawa har kwana guda, a wanke da tataccen ruwa sai asid ya fita, a busar a digiri 80.

Farantin gilashi mai faɗin santimita 8 yana cin giram 1 na Nafion idan ana son kaurin maikuron 100, wato giram 20 na ruwan Nafion mai kashi 5 cikin ɗari. Ƙafar da ruwan a digiri 60, narkar da abin da ya rage a DMAc (dimethylacetamide, wani ruwan sinadari mai narkarwa) mililita 15. Yumɓu giram 0.03 ya isa, kashi 3 ke nan. Watsa shi a DMAc daban cikin na'urar altirasonik na awa ɗaya kafin a haɗa. Masu gaggawa nan suke faɗuwa: in aka zuba garinsa kai tsaye, dunƙulewa yake yi, fatar ta fito da farin tabo. Wuce kashi 5 ma haka, ƙari furoton ya rasa hanya.

Duba tanda da lebur, don ɗan karkata kaɗan sai gefe ɗaya ya fi kauri. Zuba haɗin a farantin, busar a cikin tandar a digiri 80 na awa 12. Zafi mai yawa tun farko yana tayar da kumfa, kumfa kuwa huji ce. Sannan a gasa a digiri 130 na awa biyu. Fatar da ba a gasa ba gautsi gare ta, metanol yana iya narkar da ita.

Zuba ruwa a farantin, za ta saki da kanta. Dafa ta a digiri 80, awa ɗaya ɗaya: H2O2 (hydrogen peroxide) mai kashi 3, tataccen ruwa, asid ɗin H2SO4 mai mola 0.5, sai ruwa kuma. A ajiye ta a jiƙe har ranar gwaji.