Yadda na gyara karkacewar jadawali saboda alamar tab

Manhajar da na rubuta wa ofishinmu a Abuja tana fitar da jadawalin albashi, wanda yake miƙe a Linux amma ya karkace a kwamfutar akantanmu mai Windows. Na fara zargin salon haruffa, sannan alamar ƙarshen layi, duk ba su ba ne. Ashe alamar tab, wadda ke tura rubutu zuwa matsaya ta gaba a layi, mai lamba 9 a ASCII (tsarin da ke ba haruffa da alamomi lamba a kwamfuta), ba ta da tsayayyen faɗi: taminal ɗina, wato tagar da nake rubuta umarni a Linux, yana tsayawa bayan kowane gurbin harafi 8, manhajar rubutun akanta kuwa an saita ta a 4. Sai na bi da fayil ɗin ta umarnin expand -t 8, wanda ya mayar da kowane tab sarari, daga baya kuma na maye gurbin \t (wato tab) da %-20s, mai ware wa kowane rubutu gurbi 20, a cikin printf, umarnin da manhajata ke fitar da rubutu da shi. Alhamdulillahi, jadawalin ya daidaita a kwamfutocin biyu.