Fitilar batir ta kama: kurakuran da ke sa a sayi batir a banza

Jar fitilar nan mai siffar batir idan ta kama a dashbod, ba batir take tuhuma ba. Cewa take yi caji ba ya zuwa yadda ya kamata, kuma laifin yana iya zama na altaneta, wato na'urar da ke cajin batir idan injin na aiki, ko fanbel da ya saki, ko waya, ko fis. Amma mu dai da ta kama sai shagon mai batir. A ɗora sabo, mota ta tashi, a yi murna. Bayan kwana uku ta sake kwanciya, domin abin da ya cinye tsohon shi ya cinye sabon.

Maganin wannan mita ce, irin wadda masu gyaran waya ke amfani da ita. Batirin da ya cika, mota a kashe, bolt 12.6 yake nunawa. Idan ka ga 12.2 ya sauka rabi, 12.0 kuwa saura kaɗan. Sai dai nan ma ana yin kuskure: a auna da zarar an kashe injin, a ga 12.9, a ce lafiya lau. Cajin sama-sama ne wannan. A kunna manyan fitilu minti ɗaya ko biyu, a kashe, a ɗan jira, sannan a auna. Mafi kyau a bar motar ta kwana. Kuma ko 12.6 ɗin ba shaida ba ce sai an ɗora wa batirin kaya. A bar mitar a kai, wani ya murza makulli: idan wuta ta faɗi ƙasa da 9.6 lokacin da kik yake juyawa, alhali batirin a cike yake, ya gaji.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne wanda aka fi yarda da shi a gareji: cire kan batir injin yana aiki, wai idan motar ba ta mutu ba altaneta na caji. A zamanin mota mai kafireto an tsira da wannan. Yanzu batirin ne ke shanye tsallen wutar da altaneta ke yi. Ka cire shi, wutar ta yi tsalle ta wuce kima, ta faɗa kan ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ko dayod ɗin altanetan kanta. Kuma gwajin bai tabbatar da komai ba, don altaneta mai rauni ma tana iya riƙe injin a silo. Idan mai wayarin ya ɗauko sifana zai yi maka haka, ka ce, "Oga, don Allah ɗauko mita." Injin na aiki ana son a ga tsakanin 13.5 da 14.7, sannan a kunna fitilu da fankar AC a ga ko za ta riƙe.

To, a nan ne sababbin motoci ke ruɗa mutane. Da yawa cikinsu ƙwaƙwalwa ce ke gaya wa altaneta yawan cajin da za ta bayar. Honda ta daɗe da wannan tsarin: Accord ko Civic, idan batir ya cika kuma babu abin da ke jan wuta, tana iya sauke caji zuwa wajen 12.5 don rage shan mai. Wanda bai sani ba sai ya yanke hukuncin altaneta ta mutu. Kunna manyan fitilu kawai. Idan wuta ta haura 14, altaneta ba ta da laifi.

Ƙwaƙwalwar kuwa da wani ɗan sensa take gani. A motoci da dama, irin su BMW da Ford da Hyundai na baya-bayan nan, yana manne a kan batir na baƙar waya, da ƙaramin soket, yana auna ƙarfin wuta da abin da ke shiga da fita da kuma zafin batirin. Masu canza kan batir sukan fasa shi, ko su bar soket ɗin a cire, ko su yar da shi gaba ɗaya su ɗaura kai na gama-gari. Mai sa amfilifaya ko tiraka kuma ya ɗaura baƙar wayarsa kai tsaye a kan batir, ta tsallake sensan, ƙwaƙwalwa ta daina ganin wutar da ake ja. A jikin ƙarfen mota ya kamata a ɗaura ta. BMW ma idan an canza batir sai an shigar da sabon da kwamfuta, in ba haka ba za ta ci gaba da cajinsa kamar tsohon.

Haka na'urar sikanin, wadda ke karanto lambobin matsala daga ƙwaƙwalwar mota: P0562 na nufin wuta ta yi ƙasa, P0563 ta yi sama, P0560 matsala ce a wutar gaba ɗaya. Babu wadda ta ce "canza altaneta". Ƙwaƙwalwa tana faɗin abin da ya iso gare ta ne. Idan mita ta ce 14.2 a kan batir, sikana ta ce 12.8, wuta tana ɓacewa a hanya. A duba farin garin nan da ke taruwa a kan batir, da wayar da ke haɗa injin da jikin mota. Ana auna ɓatan ne injin na aiki, fitilu a kunne: tsinken mita ɗaya a jikin altaneta, ɗayan a kan baƙi na batir. Ya wuce bolt 0.2 ko 0.3, a kwance kan batirin da wayar, a kankare a ɗaure.

Batirin da ke mutuwa da dare kuma, caji lafiya, wani abu ne ke shansa a ɓoye. A auna abin da mota ke ja bayan an kulle ta, amma a ba ta kamar rabin awa ta yi barci, domin kafin nan na'urorinta ba su gama kashe kansu ba. Ya kamata ya tsaya ƙasa da miliyamfa 50. Idan ya wuce, a bi fis ɗaya bayan ɗaya, a fara da abin da aka ƙara wa motar bayan an saye ta.