Darasi: Juyar da Kaset Zuwa Kwamfuta

Zaren kaset yana tsufa ko da ba a kunna shi. Zafi da danshi suna cin sa a hankali, har muryar da ke ciki ta dusashe. Idan kana da kaset na muryar iyaye ko na wani taron gida, gara ka juye shi tun yana da sauran ƙarfi.

Kayan aikin ba su da yawa: rikoda mai lafiya, kwamfuta, waya mai kai biyu irin ta iyafis (mai kaurin milimita 3.5), da manhajar ɗaukar sauti. Audacity kyauta ce, kuma ta isa.

Kafin komai, ka ɓalle 'yan harsunan roba biyu da ke saman kaset (ɗaya na kowane gefe), don kada hannu ya kuskure ya danna maɓallin ɗauka ya goge maka abu. Idan zaren ya saki, sa biro a ramin ka ɗaure shi. Sannan ka tura shi ƙarshe, ka dawo da shi farko sau ɗaya, ya warware.

Sa kan waya ɗaya a kafar iyafis ta rikoda, ɗayan a kafar shigar sauti ta kwamfuta. A kwamfutar tebur shuɗiya ce. Mai ruwan hoda ta makirufo ce, ka kauce mata, tana kumbura sauti har ya fashe. Yawancin kwamfutocin hannu ba su da shuɗiyar kafa, sai an haɗa da ƙaramar na'urar sauti ta USB.

Yi gwajin minti 1 tukuna. Ka lura da sandar awo a manhajar: ta tsaya wajen -6, kada ta taɓa 0. In ta taɓa, rage murya daga rikodar. Sai ka fara danna ɗauka a kwamfuta, ka kunna kaset daga baya. Babu gajeriyar hanya a nan, kaset C90 minti 45 ne kowane gefe, kuma haka za ka zauna ka jira shi.

In an samu matsala

Ka ji shiru? Duba ko manhajar ta zaɓi kafar da ka sa waya. Ƙugi mai tsawo galibi daga wutar lantarki yake, cire cajar kwamfuta, ka sa wa rikoda batir. Murya ta kunne ɗaya, wataƙila wayar ce ba ta shige sosai ba.

Wadda ta fi yawa ita ce shaƙewar murya, kamar mai magana ta bayan ƙofa. Mutane kan ɗora wa kaset laifi, alhali dattin zare ne ya taru a kan ƙarfen da ke karanta shi. Buɗe murfin, za ka ga ƙasa-ƙasa a jikinsa. Jiƙa auduga da ɗan sifirit, ka goge, ka bari ya bushe. Idan kuma murya tana jan jiki tana rawa, ko batir ya yi sanyi ko bel ɗin roba ya saki. Na biyun aikin mai gyara ne.

Ajiye aikin a WAV (nau'in fayil da ba ya rage ingancin sauti), ka fitar da MP3 don turawa 'yan'uwa. Rubuta sunan mai magana da shekara a sunan fayil, ka yi kwafi a wani wuri dabam.

Aiki: ɗauki minti 2 daga kaset ɗaya, ka saurara, ka rubuta matsalar da ka ji da abin da ka yi mata.