Yadda za ka ɗauki hoton masunta da ciyawar kachala da wayarka

Da farko dai kar ka sauka a Nguru ko Haɗeja ka zaro waya kamar ɗan yawon buɗe ido. Je ka gaida mai unguwa ko sarkin ruwa, ka faɗa musu abin da ya kawo ka, in sun ce a'a to a'a ce, musamman hoton mata.

Sai ka goge gilashin kyamara da gefen riga, ƙurar hunturu ba ta da kirki wallahi.

Fita bayan asuba ko bayan la'asar, ranar tsaka tana ƙona hoto.

Kar ka ce wa kowa ya tsaya ya gyara hula, bar shi ya ci gaba da tura kwalekwalensa, kai dai ka durƙusa ka ɗauko shi tare da kachalar da ta toshe masa hanyar ruwa, don labarin yana nan ne, mutum da abin da ya hana shi kamun kifi a hoto ɗaya. Zumin kyamara (wato jawo hoto kusa) kuma ka ƙyale shi, tako da ƙafarka ka matsa kusa.

Kafin ka tafi rubuta wuri da kwanan wata, ka nuna musu hotunan, wanda bai yi musu ba ka goge a gabansu.