Yadda zaka ci abinci mai daɗi a baƙon gari kuma cikinka ya dawo lafiya

Ni dai idan na sauka a garin da ban sani ba, tambayata ta farko ba "ina ne gidan abinci mai kyau" bace, ƙarfe nawa mutanen garin suke cin abinci nake tambaya. Ana min dariya akan haka amma wallahi rabin wahalar da matafiyi yake sha akan abinci daga lokaci take farawa. Na taɓa yawo a Madrid wajen ƙarfe 6 na yamma yunwa kamar ta kashe ni, ko ina na leƙa kujeru a jere ba kowa, mai shara kawai, ya nuna min agogon hannunsa ya girgiza kai. Ashe su a Sifaniya abincin rana daga ƙarfe 2 ne zuwa wajen 4, na dare kuma sai 9 ko ma 10, kuma da dalili, tun 1940 aka tura agogon ƙasar gaba da awa ɗaya ba'a dawo dashi ba, shiyasa komai nasu yake zama kamar a makare. Da na sani da ƙarfe 2 zan je in nemi abinda suke kira menú del día, wato abincin rana na ranar aiki, kwano biyu da burodi da abin sha da ɗan kayan zaƙi duk a kuɗi ɗaya, yafi araha kuma yafi ƙosarwa akan duk abinda na ƙare da ci a daren nan.

To ka fara da wannan. Tambayi mai karɓar baƙi a masauki ko direban da ya ɗauko ka, amma fa kar kace masa "ina zan ci", dan zai tura ka inda yake ganin ya dace da baƙo mai kuɗi, ce masa "kai ina ka ci jiya da rana, kuma ƙarfe nawa". A Istanbul amsar sau da yawa esnaf lokantası ce, gidan abincin 'yan kasuwa da masu sana'a, tukwane a jere bayan gilashi kana gani kana nunawa, miyar wake, shinkafa, nama da kayan lambu. Da tsakar rana wurin yake rayuwa, idan ka je da la'asar sakaliya ƙasan tukunya zaka tarar.

Bayan maganar lokaci sai ta layi, kuma ba tsawon layin kawai zaka duba ba, duba su waye a ciki. Idan duk masu kamara ne a wuya da jakar goyo irinka, to intanet ce ta turo su kamar yadda ta turo ka. Idan kaga tsofaffi, da mata da yaransu, da direbobin tasi, da ma'aikata da katin ofis a wuya suna duba agogo, shiga kawai. Uwa bata kai ɗanta inda ya taɓa lalata masa ciki, mai zuwa kullum kuma baya yarda a cuce shi sau biyu. Sannan inda ake ciniki abinci baya zama, ana saukewa ana kwashewa, kuma maganar lafiya kusan duk anan take. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa take kar dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a fili, dan tsakanin digiri 5 zuwa 60 a ma'aunin Selsiyos ƙwayoyin cuta suke hayayyafa da sauri, shiyasa mai suya a bakin titi da yake jefa abu cikin mai a gabanka ya miƙo maka yana tururi sau da yawa yafi aminci akan dogon teburin otal mai kyalli da aka jera tun safe.

Wannan ba labari aka bani ba. Wani otal da bazan kira suna ba, farantai farare tas, ma'aikata da safar hannu, na ɗebi shinkafa ɗumi-ɗumi, ba zafi ba sanyi, nace ai wurin manya ne me zai faru. Kafin awa huɗu ina durƙushe a banɗaki ina tuba. Ita shinkafa tana da wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, da dahuwa bata kashe ƙwanta, idan aka bar shinkafar ta huce a fili sai ta farfaɗo ta saki guba, gubar kuma ko an sake ɗumamawa tana nan. Tun daga ranar dokata ɗaya ce, ko mai ƙona baki ko mai sanyin firji, na tsakiya na bar wa masu ƙarfin hali.

Wuraren gudu kuwa basu da wuyar ganewa. Mutum a bakin ƙofa yana janyo ka da yare biyar, takardar abinci mai shafi goma da hotunan da rana ta cinye, ga shi dab da wurin tarihin da kowa yazo gani. Yi tafiyar layi uku ko huɗu baya, ka nemi wanda abu biyu ko uku kawai yake sayarwa, wanda ya shekara ashirin yana dafa abu ɗaya ai ya iya shi. Shahara ma ba ita bace komai, a Bangkok akwai Jay Fai, tsohuwar nan da take girki akan gawayi da ƙaton tabarau a fuska, ta samu tauraron Michelin, wato babbar lambar yabo ta gidajen abinci, a ƙarshen 2017, tun daga nan mutane suke kashe awanni a layinta. Ban ce bata iya ba fa, amma idan kwana uku gareka a gari ni bazan baka shawarar ka ba layi ɗaya wuni guda ba alhali titin gaba ma ana girki.

Maganar yare kar ta dame ka sosai, yatsa yana aiki a ko ina. Kalli farantin wanda yake kusa da kai, ka nuna, ka ɗaga yatsa ɗaya, shikenan. A Japan ma sun sauƙaƙa, a tagar gidan abinci zaka ga kwanukan abincin roba kamar na gaske har da maiƙo, ka ɗauki hoto ka shiga ka nuna. Shagunan ramen, wato taliyarsu mai romo, da yawa kuma inji ne a bakin ƙofa, ka saka kuɗi ka danna maɓalli ya baka ɗan tikiti ka miƙa wa mai girki, ba sai kun ce da juna uffan ba. Ka sauke yaren ƙasar a Google Translate tun kana da intanet, kamarar tana karanta rubutu, fassarar wani lokaci abin dariya ce amma zata nuna maka kifi ne ko naman sa. A Singafo idan ka shiga rumfunan abincinsu, waɗanda UNESCO ta saka cikin al'adun duniya a 2020, kaga ƙunshin tishu akan tebur ba kowa, kar kace an manta, wani ne ya kama wuri ya tafi layi, ka zauna a nan sai kaga ana maka wani irin kallo.

Inda yatsa baya isa shine idan akwai abinda baka ci, ko dan addini ko dan jikinka baya ɗauka irin gyaɗa ko jatan lande. Anan sai ka sa wani ɗan ƙasar ya rubuta maka a takarda da yarensu, kuma a rubuta dalla-dalla, dan "bana cin naman alade" a wurin mai girki yana iya nufin tsoka kawai. Romon ramen da ake kira tonkotsu ƙashin alade ne aka dafa, mirin da suke zubawa a miya giyar shinkafa ce mai zaƙi, a Sifaniya kwanon wake ko kayan lambu sai kaga 'yan gutsattsarin jamón, wato busasshen naman alade, a ciki kuma a wurinsu wannan ba nama bane ɗanɗano ne, a Meziko kuma ana yawan soya wake da kitsen alade, manteca. Indiya ta hutar da mutane, kayan kanti mai koren ɗigo cikin koren akwati babu nama a ciki. A Alkahira kuwa koshari ya isheka, shinkafa da taliya da adas, wani ɗan ƙaramin wake, da miyar tumatir da soyayyar albasa a sama, ba nama ko kaɗan kuma ka tashi da ƙyar.

Wajen biya ma kowa da halinsa. A Amurka idan ka zauna aka kawo maka abinci ana sa ran ka ƙara wajen kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na ma'aikaci, a Japan ka bar canji akan tebur sai a biyo ka dashi a guje. A Italiya zaka ga coperto a rasit, kuɗin zama ne ba cuta ba, a Fotugal kuma burodi da zaitun da ake ajiye maka baka tambaya ba, ka taɓa ka biya, baka so kace a ɗauke.

Ruwa kuma, inda baka yarda da famfo ba to kar ka yarda da ƙanƙara, daskarewa bata kashe ƙwayar cuta. Ruwan gora mai murfi a rufe, ko wanda ya tafasa sosai na minti ɗaya, shayi mai zafi ba matsala. 'Ya'yan itace ka zaɓi wanda zaka ɓare da hannunka, ayaba, lemu, ba wanda aka yanka aka jera ba. Idan duk da haka ciki ya juya, abinda yake kayar da mutum rashin ruwa ne a jiki, ka tafi da ƙunshin ORS biyu ko uku a jaka basu da nauyi, in babu ka haɗa da kanka, lita 1 na ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, kana kurɓa kaɗan-kaɗan. Amma in kaga jini ko zazzaɓi ya rufe ka, ba maganar maganin tsayar da gudawa bace, asibiti zaka nema.

Daren da zaka hau jirgi kuma dan Allah ba daren gwaji bane, awa bakwai a kujerar tsakiya da ciki yana ƙugi ba abinda zaka so wa maƙiyinka bane. Ni wurin da yafi min daɗi a kwanakin nake komawa, in nuna abinda na ci rannan, kuma sau da yawa kafin ma in ɗaga yatsa mai girkin ya gane ni ya riga ya ɗauko faranti.